Garin Kafso a Idon Hajara

Salamu alaikum, mai gabatarwa, sannu da aiki. Shawara nike so da gaggawa kan idon ɗiyata Hajara. Daga Jibiya nike, bakin iyaka. Maƙwabciyata ke rubuta min.

Wani ɗan kwastan ya sayo talabijin, mukan taru gidanshi kallo. Ran nan anka nuna wani yaro likita, ko gemu bai da shi, manya na ce mai ranka ya daɗe. Ya ɓare kafso ya zuba ma wani tsoho a ido, tsohon ya miƙe yana rawa. Kowa na ta dariya. Wallahi na ɗauka ƙanƙantar likitan suke ma dariya, ban san wasa ba ne.

Da idon Hajara ya yi ja, na sayo kafso a tasha na yi mata haka. Yanzu ya kumbura, ba ta buɗe shi. Da na kai ta asibiti, malamin asibitin ya tambayi abin da na sa, tsoro ya sa na ce ba komai.

In na koma na faɗa mai gaskiya, idon zai tsira? Babanta na Maraɗi, bai sani ba. Innata kaɗai na gaya ma, ita ko tun jiya ba ta dube ni ba.