Ranar da Aka Goge "Ko Tara"

Mai girma shugaban taro, mai shari'a da ya yarda ya zauna a bencin ɗalibai, wakilanmu na majalisa, shugabar makaranta, iyayenmu mata da maza, direbobin tasha da suka bar lodi suka zo, da ku 'ya'yana na ƙungiyar muhawara, assalamu alaikum.

Ina godiya ga Allah, ina godiya gare ku. Ni malamin harshe ne, don haka ku yi mini uzuri, a kan kalma ɗaya zan tsaya: tara.

Tara ta farko ta lissafi ce. Shekara tara gare ta, 'yar telar nan ta bakin kasuwa, wadda muke kira Me-ya-sa don ba a gama darasi ba ta ɗaga hannu ba. Da izinin mahaifiyarta nake wannan magana. Wani mai yankan tikiti a tasha ya ce mata gwaggonta na kira, ya sa ta a mota. Sai bayan watanni aka same ta a wani gari, tana wanke-wanke a gidan da ba ta san kowa ba. Yarinya ta dawo, amma tambayarta ba ta dawo ba.

Tara ta biyu ta kotu ce. Doka ta ce wanda ya yi safarar yaro, ɗauri ko tara. Mutumin ya zaɓi tara. Kafin uwar ta iso gida daga kotu, ya riga ya koma kan tebur ɗinsa, kuma ta gaban teburin nan hanyar makarantarmu ta bi. Me-ya-sa ta daina zuwa. Da na je bin sawu, uwar ta tsayar da keken ɗinki ta ce, "Malam, kullum ina auna yadi, amma ban san ana auna ɗa da kuɗi ba."

Tara ta uku ita ce abin alfaharina, wato tara jama'a. Yayar yarinyar, ɗalibata a ƙungiyar muhawara, ta miƙe ta ce, "Malam, mun gaji da gardamar ko alƙalami ya fi takobi. Ga 'ko' ɗin da ya kamata mu yi wa gardama." Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suka tara iyaye, suka tara direbobi, suka tara hujja, har zauren majalisa. A can wani wakili ya tsokane ta, "Yarinya, kin ma ci jarrabawarki kuwa?" Ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, tamu sai wata mai zuwa. Yau taku ce."

Kuma kun ci, ranku ya daɗe. Kun goge "ko tara", kun tsawaita ɗaurin. Mai hali ba ya fasa halinsa: mutumin ya sake, direbobin nan suka tare shi da yara biyu a kujerar bayan wata mota. Wannan karon ya shafa aljihu, aljihu bai amsa ba.

Ba na cewa kurkuku zai rama wa yarinya watannin da aka sace mata. Ba na cewa doka za ta tsaya mana gadi a tasha. Wannan aikin idonmu ne, ni da ku. Abin da nake cewa, daga yau ɗan mutum ba shi da farashi.

Ranar Litinin Me-ya-sa ta zo makaranta da ƙafarta, ta hanyar tasha. Ina tsakiyar darasi na ga hannu a sama. Ta ce, "Malam, me ya sa aka daɗe ba a goge ta ba?" Ban taɓa jin daɗin tambaya kamar ranar ba. Ga ta can a layi na biyu. Manyanmu, tambayar taku ce.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu a gida da hanya, Ya dawo da waɗanda har yanzu ake nema, Ya ƙara wa alƙalanmu ƙarfin zuciya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.