Damaris Ba Ta Ji Ƙararrawarku Ba

Mai girma shugaban kwamitin shirin ambaliya, Mista Leonard. Mai girma dagacinmu. Rabaran Gershon da Malam Liman. Iyayena mata 'yan zumunta, matasa, da ku da kuka zo don an ce akwai lemo a ƙarshe, ina gaishe ku duka.

Na gode da kuka ba ni minti biyar in yi magana a madadin mata kafin a sa hannu a takardar wannan shiri. Zan ci bakwai.

Na farko, yabo. Gwajin gudu da kuka yi mana ran Asabar ya yi kyau. An buga ƙararrawar coci, an yi shela a lasifikar masallaci, matasa sun busa usur, muka kwasa zuwa firamaren kan tudu kamar ruwan na bayanmu. Minti goma sha ɗaya! Har Rabaran na gani yana gudu da takalmi a hannu. Aka ƙirga mu, aka tafa.

Na biyu, tambaya. Kun ƙirga waɗanda suka iso. Wa ya ƙirga waɗanda ba su iso ba?

Ƙanwata Damaris, ga ta can a bencin baya, kurma ce tun tana shekara huɗu. Gonarta ta citta ita ce ta ƙarshe a bakin rafi, inda ruwa ke fara shiga. Muna can muna tafi, ita tana can tana cire ciyawa. Da rana ta yi ta dawo gida, ta tarar da tukwane a kan wuta, ƙofofi a buɗe, gari babu kowa. Ta gaya mini da hannu cewa ta zaci Ubangiji ne ya dawo ya kwashi nasa ya bar ta. Abin da ya fi ba ta haushi, in ji ta, shi ne har da ni aka tafi.

Ku yi dariya, ni ma na yi. Amma da ruwan gaske ne, yau baƙin kaya zan sa in tsaya a gabanku.

Mutum ɗaya ta samu, Baba Meshak, wanda ƙafafunsa suka daina aiki, zaune a ƙarƙashin mangwaro. Shi ya ji ƙararrawar sarai. Da na tambaye shi, cewa ya yi, "'Yata, na ji, na kuma ga ƙurarku. Kuna da sauri, Allah ya ƙara."

Na karanta takardar nan, shafi goma sha biyu. Ƙararrawa, lasifika, usur, gudu. Shirin masu kunne da ƙafa ne, masu kunne da ƙafa suka rubuta shi.

Na uku, abin da muke so. Jar tuta a kan dutsen kasuwa, wadda za a hango daga kowace gona. Duk wanda ba ya ji, ba ya gani, ko ba ya iya tafiya, a rubuta sunansa tare da sunan maƙwabcin da zai je ya ɗauko shi. Suna nake so, kada a rubuta mini "matasa". Sannan a ba Damaris kujera a kwamiti. Ba alfarma nake roƙo ba. Shekara talatin tana kallon rafin nan. Daga launin ruwa da tarkacen da yake kawowa take sanin an yi ruwa a kan duwatsu, tun ku ba ku nemo igiyar ƙararrawa ba.

Mai girma shugaba, birona yana cikin jaka, can zai zauna sai an gyara takardar. Ga kujera nan kusa da kai, ta babban baƙon da bai zo ba. Bari in yafito ta da hannu: Damaris, taso.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare gonakinmu, ya sa ran da za a sake ƙirga mu a kan tudu a same mu cif. Kada ku ce amin da baki. Ku ɗaga hannu, ta gani.

Na gode.