Nama a Aljihu

A kan bencin tasha, wani dattijo ya dubi matafiyin da ke gefensa, mai sanye da sabuwar riga.

"Ɗana, kyanwar nan da ke bin ka, taka ce?"

"Baba, rage murya. Ga abokan tafiyata can wajen yankar tikiti."

"To me ka ɓoye?"

"Nama ne a aljihuna. Yanzu muka fito daga wani babban gidan abinci, irin wanda ake ja maka kujera kafin ka zauna. Na ce musu ni ɗan gida ne a irin wuraren nan."

"Ka saba zuwa ke nan."

"Na saba wucewa ta ƙofa. Da ma'aikacin ya tambaye ni yadda za a gasa min naman, sai na ce yadda manya ke ci. Baba, ina sa wuƙa jini ya biyo. Saura kaɗan ya yi kuka."

"Sai ka mayar musu mana."

"Ni da ke koya wa mutane riƙon cokali mai yatsu? Suna ɗaukar hoto na naɗe shi a ƙyallen goge baki, na tura aljihun dama."

"Kai dai ka tsira."

"Ina fa! Da suka ga farantina fes, suka ce lallai gwani ya ji daɗi, a ƙaro masa."

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa. "Na biyun fa?"

"Matsa kaɗan, Baba, ka danne min aljihun hagu."