Yadda Nake Buɗe Dogayen Kalmomin Nowe

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro, Alhaji Kallamu, iyayena maza na Kano da Maraɗi da Kumasi, iyayena mata, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku baki ɗaya. Sunana Hamdia, 'yar Malam Mas'udu mai aika kaya a unguwar Baiyun, nan ƙasar Sin. Na gode da kuka ba ni wuri a walimar Sallah.

Shekara biyar ke nan Ummata tana ƙasar Nowe, tare da ƙanwata Shamima, wadda aka haifa a can, ban taɓa ɗaukarta ba. Umma tana so in je in yi karatu a wurinta. Baba ya ce, "Ke da ko lawban, Basinen nan mai shagon ƙasan bene, ya gaishe ki sai ki ɓuya a bayana? Ranar da kika tsaya gaban jama'a kika yi magana, ranar zan sa hannu a takardar tafiyarki." Shi ya sa na tsaya, kuma abu ɗaya na sani da zan iya faɗa muku, wato yadda ake furta kalmomin mutanen Nowe.

Na farko, kalmominsu dogaye ne, suna ba da tsoro. A sito na ji Baba yana ce wa masu dako, "Kada ku ɗaga kwali sai kun san abin da ke ciki." Sai na soma buɗe kalmomin. Flyplass, ashe fly ne, jirgin sama, da plass, wuri: filin jirgi. Barnehage, barne na yara, hage lambu: makarantar ƙanana. Lambun yara! Idan ina cikin jirgin ƙasa zuwa Tianhe nakan rufe ido in ga Shamima a lambun, ƙanƙara tana sauka a hularta a hankali.

Na biyu, kuskurena. Ni a nan na girma, don haka nake yanka kowace gaɓa daidai da 'yar'uwarta, in ɗora mata sauti irin na Sinanci: bar, ne, ha, ge. Shamima ta yi ta dariya a waya har ta faɗi. Umma ta ce, "Wai cewa take Yaya tana ƙirga albasa." Ashe su a farkon kalma suke sa nauyi, sauran ya biyo a sauƙaƙe.

Akwai kuma harafin da sai ka tsuke baki kamar mai hura shayi. Wata uku ina hura shayin da babu shi. An ce sannu ba ta hana zuwa. Ranar Juma'a na kira Shamima da sunan da ke nufin ƙanwa: lillesøster. Ba ta yi dariya ba. Ta matso da fuskarta har ta cika wayar, ta sumbaci gilashin.

Iyayena, ku taya ni roƙo. Baba, na ga ka sunkuyar da kai. Na san ba don rashin maganata kaɗai kake riƙe ni ba. Zan kira ka kullum, da Hausa, har ka gaji.

Allah Ya sa wa kasuwancinku albarka, Ya kai kayanku gida lafiya, Ya haɗa kowa da nasa da ke nesa, Ya ba wanda za a bari haƙuri.

Na gode.