Matatar da Ba Ta Iso Ba

"Ku ne kuka lalata wa ɗana hannuwa, ku masu farar riga."

A tashar Makoda ne, cikin motar Kano mai jiran cika. Wata dattijuwa ce ta tsare wani mutum mai rigar asibiti a kafaɗa.

"Inna, ban san ɗanki ba."

"Badaru. Shekara shida ana masa wankin ƙoda. Yatsunsa sun ƙage, ko fartanya ba ya riƙewa, ga damina ta kankama. Likita da bakinsa ya ce akwai dattin da matatar injin wankin naku ba ta kamawa, shi ke taruwa a gaɓoɓi. Kuma na ji a rediyo an yi sabuwa."

"Ana ƙoƙari. Ana sa mata irin sojojin da jini ke yaƙar cuta da su, su cafke dattin, jini ya wuce. Amma gwaji ake tukuna, a ƙasashen waje."

"Gwaji har yaushe? Wa zai nome masa geron?"

"Ni awon jini kawai nake yi, Inna."

"To ya aka yi ka san ta haka?" Ta damƙe hannunsa, sai ta ji wani abu na motsi a ƙarƙashin yatsunta. "Wannan kumburarriyar jijiyar mai rawa, irin wadda aka yi wa Badaru don wankin ce. Kai ma, ɗan nan?"

"Shekara huɗu. Kullum na farka, yatsuna nake fara lanƙwasawa in ji ko sun fara ƙagewa."

"To yau ba aiki za ka ba. Ka kai ni gaban babbanku, ya dubi hannun nan naka, ya faɗa mana ranar da za ta iso."