Inda Babu Tabon Walda

Rabaran shugaban ikilisiya, fastocinmu da dattawa, iyayenmu mata na zumunta, masu walda da kuka rufe shagunanku yau domin ku zo, Mama matar marigayi, 'ya'ya da jikoki: salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. An ce ni zan yi magana don na fi kowa daɗewa da shi. Gaskiyar ita ce na fi kowa shan gyara a hannunsa.

Baba Mai Walda ya kasance mutum mai tsadar magana. Ya kasance wanda in ka kai masa ƙofa ka ce ya liƙa maka da sauri, sai ya ɗage baƙin gilashinsa ya dube ka har ka ji kunyar kanka. Ya kasance mai shiga makarantar unguwarmu duk hutu yana gyara ƙafafun kujeru, ba wanda ya aike shi. Bencin da kuke zaune a kai ma aikinsa ne, kuma ban ji ya yi ƙara ba.

Shekara ashirin da suka wuce aka ba ni wa'azi a kan ɗayantakar Uba da Ɗa. Kun san halin malamin makaranta, ba ya magana sai da misali. Na hango Baba a benci na uku, na ce yau zan faranta masa rai. Na ce, yadda Baba yake haɗa ƙarfe biyu su zama ɗaya, haka Uba da Ɗa suke. Kuka ce amin, na sauko kaina ya kumbura. A bakin ƙofa ya ce mini, "Malam, gobe ka biyo ta shago."

Na je karɓar yabo. Sai ya miƙo mini wani ƙarfe da ya goge sumul ya shafe da fenti, ya ce, "Nemo mini mahaɗin." Na juya, na sake juyawa, ban gani ba. Ya kama yatsana ya ɗora a wani wuri, sai na ji ɗan tudu.

Ya ce, "Ban taɓa yin waldar da ba ta bar tabo ba. Duk abin da aka haɗa, akwai ranar da yake biyu. To faɗa mini, Malam, wace rana ce Uba ya zauna shi kaɗai yana jira a kawo masa Ɗa? Wa ya kunna wutar? Tun kafin a yi ƙarfe, kafin a yi wuta, kafin safiyar farko ta waye, ɗaya suke. Uba Uba ne, Ɗa Ɗa ne, amma ka yi ta shafawa har abada, yatsanka ba zai ji tudu ba. Wani lokaci in na tuna haka ina cikin aiki, sai in kashe inji in zauna."

Jama'a, ina tsaye a cikin tarkacen ƙarafa, takalmina duk tsatsa, amma tsoron Allah ya kama ni fiye da yadda ya taɓa kama ni a gaban bagadi. Lahadin da ta biyo na janye misalina a gabanku.

Yanzu ka ba ni kunnenka, ɗana, kai ɗansa na fari. Abin da kowa ya sani ba asiri ba ne. Shekara bakwai ke nan da kuka yi musayar magana a shago, ka ajiye gilashinka ka tafi. Bai kira ba, ba ka kira ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ka iso bayan an rufe masa ido. Jiya ka ce mini, "Malam, ya tafi yana fushi da ni." Na ce ka jira yau, domin shi ya ce in faɗa a gaban mutane.

Ranar Laraba da rana na same shi a gadon asibiti, Mama tana yi masa fifita. Ya ce, "Malam, ni da yarona ba kamar Uba da Ɗa muke ba. Mu ƙarfe ne, muna karyewa. Amma Ɗan nan da babu tabo tsakaninsa da Ubansa ya yarda aka yi masa tabo a hannu domin a haɗa irinmu. To ni wane ne da zan ƙi?" Ya huta, sannan ya ce, "Ni na fara baƙar magana. Ka faɗa masa haka."

Dattawa, kun tuna gicciyen da muka ba shi ya yi mana don saman ƙofa? Wata takwas muna yi masa ciwon baki, ni ne kan gaba. Yana nan a shago an rufe shi da tamfol. Ya yanka ƙarafan biyu, ya goge, ya jera su a kan teburin aiki, amma bai haɗa ba. Ya ce, "Wannan mahaɗin na yarona ne. Hannunsa ya fi nawa, girman kai ya hana ni gaya masa." Ya ba ni mabuɗin shagon, ga shi a hannuna.

Mama, mun gode da kika bar mana shi shekaru masu yawa. Mun gode wa duk wanda ya tako.

Ya Uba, wanda kake ɗaya da Ɗanka tun fil'azal, bawanka ya yi ta mamakinka daga nesa. Yau ka bar shi ya gani da idonsa, ba gilashi. Ka ta'azantar da gidan nan, ka haɗa abin da ya karye a cikinmu, cikin sunan Yesu. Amin.

Taso, ɗana, ka karɓi mabuɗin.