Waɗanda Ba Su San Gidan Ubansu Ba

Salama gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu mai cetonmu.

Sunana Lami. Tsufa ya kama ni, sai ku yi haƙuri da muryata.

Uwata ba ta san garinsu ba. Tana yarinya mahara suka kamo ta, aka sayar da ita a Babura. Ubana kuwa ko sunansa ba ta taɓa faɗa mini ba. A haka aka aurar da ni gidan Maguzawa, a wata unguwa tsakanin Roni da Gwiwa, zamanin da maganar hakimi ce doka.

A gidan, ba a cin sabon gero sai surukina ya tsaya gindin tsamiya da ƙwaryar gumba ya kira kakanni ɗaya bayan ɗaya. Kowace matar gida ma yana kiran kakanninta, don matattu su san 'ya'yanta. In ya zo kaina sai ya yi shiru, ya wuce.

'Ya'yana biyu suka mutu bayan kaka. Na ukun muka sa masa Ajuji. Matan gida suka ce kakanni ba su san jinina ba, shi ya sa suke tsince shi kamar tsakuwa a cikin tsaba.

Daga nan na fara ji. Da tsakar rana, in na wuce tsamiyar nan da tulu a kai, ba kowa a wurin, sai in ji ana jero sunaye ƙasa-ƙasa. Ana zuwa gurbina sai a tsaya. Shirun nan ya fi muryar ban tsoro, don jira ake yi. Na rame, na daina cin abinci, na hana Ajuji zuwa ko kusa da wurin.

Wata Lahadi maƙwabciyata ta ja ni sujada a rumfar Malam Ishaku, mai bishara. Ashe ranar zai karanta lissafin waɗanda suka komo daga bauta a littafin Ezra. Zuriyar wane, zuriyar wane. Mutane har gyangyaɗi suke. Ni kuwa na ce abin tsamiya ne ya biyo ni nan ma. Na rungume Ajuji ina jiran shirun.

Shirun bai zo ba. Sai na ji ya karanta cewa akwai waɗansu da suka komo, amma suka kasa nuna gidan kakanninsu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Malam, su waɗannan, korarsu aka yi?"

Ya ce, "A'a, baiwar Allah. Na cikinsu masu neman aikin firist, wato shugabancin ibada, an dakatar da su. Amma an ƙidaya su cikin masu komowa, ga su nan a rubuce. Su ne ba su san asalinsu ba, Allah ya sani."

Na durƙusa a ƙasa. Ban iya addu'a ba, abin da na ce kawai, "Yesu, in ka san ni, ka san yaron nan ma." Kuka na yi har zanena ya jiƙe.

Da kaka ta zo, surukina ya tafi gindin tsamiya. Kafin ya buɗe baki, na murza sabon gero na ɗura wa Ajuji a baki. Uwar mijina ta ce, "Lami, kin kashe shi." Muryar ta dawo, ta jero sunayenta, ta tsaya a gurbina. Na ce da ƙarfi, "An riga an ƙidaya ni." Tun ranar ban sake jin ta ba.

Na gode wa Ubangiji. Kai da ba ka san asalinka ba, dogara gare shi, ya san ka.

Ajuji, tashi su gan ka. Ga shi can a baya, furfura ta cika masa gemu.